Daga wace shekara za mu ƙirga shekarun ƙungiyarmu?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ne sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗaliban wata lakwal a nan Maradi, an ɗora mini rubuta tarihinta, kuma na cije tun a layin farko.

Dattawanmu sun rabu biyu. Wasu sun ce tun Janar Seyni Kountché na raye, wato kafin rasuwarsa a 1987, suke haɗuwa gindin dogon yaro a unguwar Zariya, ana shan shayi ana tara kuɗin sayen alli da gyaran tebura. Wasu kuma sun ce wannan fada ce kawai, ƙungiya sai bayan Taron Ƙasa na 1991 da aka samu takardar izini. Ni dai na fi karkata ga na farko, amma wa zai musa wa Alhaji, dattijonmu mai ra'ayi na biyu, a gaban jama'a?

Littafin zama na farko gara ta cinye shi, ma'ajin farko kuma ya rasu, Allah ya jiƙansa. Na san dokar 84-06 ta 1984 ce ke tsara ƙungiyoyi a Nijar. To ina zan samo kwafin takardarmu? A ofishin gwamnan Maradi, ko sai na je ma'aikatar cikin gida a Yamai? Don Allah wanda ya taɓa bin wannan hanya ya nuna mini ƙofa.