Insha'i a Kan Macbeth: A Ina Maki Ke Zubewa?

Mai Alli: Assalamu alaikum. Jarrabawar adabi ta matso, wasan da aka ɗora wa 'yan ajin ƙarshe kuwa shi ne Macbeth na Shakespeare. Malamai da masu duba takardu, me ke sa ɗalibi ya san wasa sarai amma ya tashi da maki kaɗan?

Malamar Adabi: Wa alaikumus salam. Ba da labari ne ke kashe su. A tambayi yaro yadda kwaɗayin mulki ya halaka Macbeth, sai ya ɗauko daga mayun nan uku, ya bi tiryan-tiryan har Macduff, wani basaraken Sukotlan, ya fille masa kai. Mai dubawa ya san labarin, hujja yake nema. Kowane sakin layi ya ƙunshi ra'ayi ɗaya, da fitowar da ke mara masa baya, da bayanin yadda ta tabbatar da shi. Bayanin nan ake tsallakewa, alhali nan makin yake. Misali: kafin kashe Sarki Duncan, Macbeth ya yi ta ɗari-ɗari sai da matarsa ta zuga shi. Abokinsa Banquo kuwa, ya tura masa makasa ba tare da ya gaya mata ba. A kashi na 4 ya sa aka karkashe iyalan Macduff, kisan da bai tsinana masa komai ba. Matakai uku ke nan na bushewar zuciya, sakin layi uku.

Jan Biro: Gaskiyarki, Malama. Sai lokaci. In minti 45 ne ga tambaya, 5 na tsara amsa, 35 na rubutu, 5 na bita. A ja layi ƙarƙashin umarnin tambayar. "Har zuwa wane mataki" na son a auna ɓangare biyu kafin a yanke hukunci.

Dattijon Aji: Kada a haddace dogayen jawabai. Gajerun layuka goma zuwa sha biyu sun wadatar, a zaɓo masu shiga jigo fiye da ɗaya. Ɗauki jini: a kashi na 2, fitowa ta 2, Macbeth na ganin ko teku ba zai wanke hannunsa ba, matar ta ce ɗan ruwa kaɗan ya isa. A kashi na 5, fitowa ta 1, ga ta cikin barci tana ta murzar hannu, tabon ya ƙi fita. Wuraren nan biyu sun amsa tambaya kan nadama, da kan sauyawar halinta. Ga gaskiyar wuraren da ake yawan kuskure: ba a nuna kisan Duncan a dandamali ba, Fleance ɗan Banquo ya tsira, kuma Macbeth kaɗai ke ganin fatalwar Banquo a wajen liyafa.

Mai Alli: Tarihi fa, Malam? Wasu na cewa ɓata lokaci ne.

Dattijon Aji: Jimla biyu sun isa. Sarki James na Sukotlan, wanda a zamaninsa aka rubuta wasan, ya hau gadon Ingila a 1603, ya rubuta littafi kan maita a 1597, ana kuma danganta zuriyarsa da Banquo. A ambaci tarihin nan inda ake zancen mayu ko halin Banquo kawai.

Malamar Adabi: Haka ma kalmomin Aristotle, masanin falsafar Girka. A rubuta "anagnorisis" (lokacin da jarumi ke gane gaskiyar da ta ɓuya masa) kurum ba maki. Sai an nuna wurin: lokacin da Macduff ya ce ba haifarsa aka yi ba, farka cikin uwarsa aka yi aka ciro shi, Macbeth ya gane mayun sun yaudare shi da suka ce wanda mace ta haifa ba zai iya cutar da shi ba.