Na dawo daga tafiyar mako 6: ta ina zan fara, cikin gida ko lambu?

Maman Tagwaye:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Jiya da daddare muka dawo daga tafiyar da muka yi niyyar mako 2 amma ta kai mu mako 6, kuma abin da na tarar ya sa na rasa ta inda zan kama. Ina buɗe ƙofar falo wani wari mai nauyi ya tare ni, ƙura ta kwanta a kan tebur har yara suna zane a kai da yatsa, banɗaki kuma yana ɗoyi duk da cewa na wanke shi tas kafin mu fita. Na lambu ya fi taɓa mini zuciya, domin furannin cikin tukwane sun yi yaushi, ƙasarsu ta bushe har ta janye daga jikin tukunya, ciyawa ta kusa kai gwiwa, ƙaramin itacen lemon da na shekara 2 ina reno kuma ya zubar da fiye da rabin ganyensa. Kwana 3 kacal gare ni kafin in koma aiki. Don Allah a taimaka mini da shawara.

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam, 'yata, sannu da hanya. Kada ki fara da tsintsiya, ko da yake na san ita hannunki yake ƙaiƙayin ɗauka. Ƙurar da ta jira ki mako 6 za ta iya ƙara jiran kwana ɗaya, amma abin da yake ruɓewa da abin da yake mutuwa ba za su jira ba. Yau ki buɗe tagogi da ƙofofi duka iska ta ratsa, ki duba firij, ki shayar da tsirranki. Gobe sai ki shiga shara, kuma ki fara daga sama: ki sauke labule, ki kwashe yanar gizo, ki goge fanka da saman durowa, sannan daɓe ya zo a ƙarshe. Da tsumma mai laima za ki yi gugar, domin busasshe tayar da ƙura kawai yake yi ta koma ta kwanta inda kika riga kika gama.

Malamin Kimiyya:
Ina ƙara wa maganar Hajiya ƙarfi, kuma ina ganin na san sanadin ɗoyin banɗakin. A ƙarƙashin kowane wurin wanke hannu da magudanar daɓe akwai lanƙwasasshen bututu da ke riƙe ɗan ruwa, kuma wannan ruwan shi ne yake toshe hanyar iskar masai. Idan aka daɗe ba a yi amfani da wurin ba sai ruwan ya ƙafe, warin ya samu hanya. Ki zuba kamar lita 1 ta ruwa a kowace magudana, ki kora masai, kafin yamma za ki ji bambanci.

Sannan ki buɗe kowane famfo ya zuba na mintuna kaɗan kafin a sha ko a yi wanka, musamman shaya, kuma taga tana buɗe. Ruwan da ya kwanta a bututu da ɗumi tsakanin digiri 20 zuwa 45 na ma'aunin Salsiyas shi ne ƙwayar cutar Lajinela take son hayayyafa a ciki, kuma ta feshin ruwan da mutum ya shaƙa take shiga huhu. Idan kina da hita, ki bari ruwanta ya kai digiri 60 kafin a fara amfani da shi.

Abu na ƙarshe, kuma shi na fi jin tsoro a ranar babbar shara: kada ki haɗa bilic da ruwan kal, ko da maganin wanke masai, ko da wani abu mai amoniya, da nufin ƙara masa ƙarfi. Haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da maƙogwaro, kuma a rufaffen banɗaki tana iya kayar da mutum. Ruwa kaɗai ake sirka bilic da shi.

Malam Mai Lambu:
Maman Tagwaye, barka da dawowa. Ki kwantar da hankalinki, tsiron da ya zubar da ganye sau da yawa kare kansa yake yi daga ƙishi, bai mutu ba. Ki sa farce ki ɗan kankare ɓawon reshen lemon nan. Idan kin ga kore mai danshi a ƙarƙashi, yana da rai. Idan ya yi ruwan ƙasa kuma reshen ya karye ƙas, ki matsa ƙasa kaɗan ki sake gwadawa har ki kai inda koren yake.

Game da tukwanen, akwai kuskuren da kusan kowa yake yi. Ƙasar da ta bushe ƙamas har ta janye daga gefe ba ta shan ruwa da sauri, don haka idan kika kwarara daga sama zai bi ta wannan tsagar ya fita ta ƙasa, ki ga ruwa yana malala ki ɗauka tsiron ya ƙoshi, alhali saiwarsa ko jiƙewa ba ta yi ba. Ki samu baho ki zuba ruwa zuwa rabin tsayin tukunyar, ki tsoma ta ciki na kamar minti 30 har saman ƙasar ya yi duhu, sannan ki ɗaga ta tsane. Za ki ji nauyinta ya canza a hannunki. Bayan nan ki ajiye su a inuwa na kwanaki, kada ki mayar da su cikin rana kai tsaye. Shi kuwa lemon, tun da a ƙasa yake, ki yi masa ɗan kewaye ki saki ruwa a hankali ya daɗe yana nutsewa, da sassafe ko da la'asar sakaliya.

Ƙanin Kowa:
Malam, ni a ganina gara ta sare duk busassun rassan yau ɗin nan ta zuba takin zamani, don tsirran su samu ƙarfin farfaɗowa da wuri, tun da ba ta da lokaci.

Malam Mai Lambu:
Ƙanina, na fahimci nufinka, amma a nan ban goyi bayanka ba. Takin zamani gishiri ne a asalinsa, idan ya samu saiwar da ƙishi ya galabaitar sai ya ƙara zuƙe mata ruwa ya ƙone ta. Na taɓa yin haka da hannuna bayan wata doguwar tafiya, na rasa furanni 4 da suka tsira daga fari amma ba su tsira daga gaggawata ba, kuma har yau abin yana damuna idan na tuna. Ta jira sai ta ga sabon toho, wanda kan iya ɗaukar mako 2 zuwa 3, sannan ta ba da taki kaɗan. Sara ma haka, ta cire abin da ta tabbatar ya mutu kawai, domin reshen da yake kamar ƙirare yau yana iya tohowa. Almakashin kuma ta goge shi da sifirit tsakanin wannan tsiro da wancan.

Ciyawar fili idan ta shuka ce, kada a aske ta ƙwal a yanka ɗaya. Ƙa'idar ita ce kada a cire fiye da kashi 1 cikin 3 na tsayinta a lokaci guda, a bar kwanaki a sake ragewa. Ta banza da ta fito tsakanin furanni kuwa, a cire ta bayan an yi ban-ruwa don ta fito da saiwarta, a fara da wadda ta yi kai, kuma kada a jefa mai iri cikin ramin takin gida, in ba haka ba ita za a sake shukawa baɗi.

Anti Nas:
Sannu da dawowa, 'yar'uwa. Ni ta fannin lafiya zan shigo. Akwatunan tafiya kada su hau gado ko kujera tukuna, ki buɗe su a kan daɓe ki duba ɗinkinsu da zif, saboda kuɗin cizo ta nan yake bin mutum gida daga masauki. Tufafin da za su jure ki wanke su da ruwan da ya kai digiri 60, haka ma zannuwan gado da rigunan matashi.

Idan kika ga kashin ɓera a kicin ko sito, kada ki share shi a bushe, domin ƙurarsa tana ɗauke da cuta. Ki bar ɗakin ya sha iska minti 30, ki sa safar hannu da takunkumi, ki jiƙa wurin da bilic da aka sirka awo 1 cikin awo 9 na ruwa, ki jira minti 5 sannan ki kwashe da takarda. A lambu kuma ki zubar da duk ruwan da ya taru a bokiti, tsohuwar taya ko farantin ƙarƙashin tukunya, tun da sauro yana iya kammala girma daga ƙwai cikin kwana 7 zuwa 10. Kada yara su shiga doguwar ciyawar nan sai an rage ta, ke ma ki sa rufaffen takalmi, ki fara motsa tarin ganye da sanda kafin ki sa hannu.

Hajiya Babba:
Na manta ban yi bayanin firij ba. Idan kina zargin wuta ta ɗauke na dogon lokaci, ki dubi firiza da kyau. Ruwan nama da ya tsiyaya ya sake daskarewa a ƙasan aljihun, ko ƙanƙarar da ta narke ta dunƙule wuri ɗaya, alama ce cewa kayan sun saki sun sake kamawa. Firij a rufe awa 4 yake riƙe sanyi ba wuta, cikakken firiza kuma kamar awa 48. Abin da kika yi shakka a kansa ki zubar, kada ki ɗanɗana don gwaji.

Maman Tagwaye:
Jama'a, Allah ya saka da alheri, ga yadda ta kasance. Na zuba ruwa a magudanun kamar yadda Malamin Kimiyya ya ce, kafin azahar ɗoyin ya ɓace. Warin falo kuwa daga wani tawul ne da aka manta a jiƙe a bayan kujera, ya yi fumfuna baƙi ƙirin, na jefar da shi. Tukwane 9 na tsoma, 7 sun ɗaga ganye tun a daren, 2 har yanzu shiru. Na kankare lemon hannuna yana rawa, sai ga kore shar a babban reshe, ƙananan rassa 3 ne kawai suka bushe. Sai dai na ga wasu ƙananan ƙwari sun taru a bayan ganyen da ya rage, ganyen kuma yana danƙo. Malam, me zan yi musu?

Malam Mai Lambu:
Madalla, na ji daɗin wannan labari. Da alama darɓa ce, takan far wa tsiron da ya raunana. Ki fesa musu ruwa da ɗan ƙarfi ta bayan ganyen da safe, ki maimaita bayan kwana 2 ko 3. Idan sun ƙi tafiya, ki narkar da sabulu mai laushi ɗan kaɗan a ruwa, ki gwada a ganye 2 tukuna, ki fesa da yamma idan rana ta yi sanyi. Ki shimfiɗa busasshen ganye mai kaurin santimita 5 a kewayen itacen don ya riƙe danshi, amma ki bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da gindin. Tukwane 2 ɗin nan kuma kada ki yar da su, kada kuma ki riƙa ƙara musu ruwa kullum don tausayi. Ki riƙa sa yatsa cikin ƙasar, sai kin ji ta bushe zuwa gaɓa ta farko ki shayar, ki ba su mako 3 sannan ki sanar da mu halin da suke ciki.