Tsohuwar Massey 135 za ta iya ɗaga dunƙulen ciyawa ta baya ta jera su hawa biyu?

Habu Giwa: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yin wannan aiki da hannunsu. Ina da tarakta Massey Ferguson 135 wadda na gada, injinta lafiya lau, amma ba ta da abin loda a gaba. Bana na sayi busasshiyar ciyawa a wata gona ta wajen Shika, irin wadda inji yake naɗewa, kowane dunƙule ƙafa 4 tsayi da faɗi, kuma mai gonar ya ce nauyinsa bai wuce kilo 250 ba. Rumfata ƙarama ce, dole sai na jera su hawa biyu. Shin in sa mai walda ya ƙera mini tsinken ƙarfe da za a ɗaura a hannayen ƙarfe na bayan tarakta, waɗanda ake ɗaura wa garma, ko in ci gaba da biyan leburori suna mirginawa?

Alhaji Ado: Wa alaikumus salam. Malam Habu, ka sayar da ita ka cika kuɗi ka sayi Massey 375 mai loda a gaba, ka huta. Ni abin da na yi ke nan.

Injiniya Musa: Alhaji, ai bai ce yana da kuɗin sabuwar tarakta ba. Malam Habu, nauyi ba shi ne matsalarka ba, domin 135 mai lafiyayyen famfon haidurolik tana ɗaga abin da ya haura tan 1 a bakin hannayenta, ko da yake ƙarfin yana raguwa gwargwadon yadda kayan suka yi nisa da bayanta. Matsalarka tsayi ce. An ƙera hannayen nan ne don ɗaga garma da haro daga ƙasa, ba sa kai kaya sama da mita 1, alhali dunƙulenka ya kai mita 1.2. Za ka ɗauka ka kai duk inda kake so, amma ba za ka ɗora wani a kan wani ba. Idan za ka gwada, ka yi aiki da libar da ke tsayar da hannaye inda ka ajiye su, ka bar ta zurfin garma.

Baba Ɗanjuma: Ɗana, ka saurare ni da kyau. Ina da tarakta Steyr irin wadda aka harhaɗa a Bauchi, ta fi taka girma, kuma na yi abin da kake shirin yi. An ce mini dunƙulen ba nauyi, ashe ruwan ƙarshen damina ya dake su sun sha sun ƙoshi. Direbana ya soki ɗaya a fadama, yana hawowa tudu sai ƙafafun gaba suka bar ƙasa, ya murɗa sitiyari bai amsa ba, tarakta ta karkata ta faɗa kwazazzabo. Allah ya tsare yaron, amma ya karye a hannu, ni na biya mai ɗori. Bayan an ciro ta sai hannayen baya suka riƙa sauka da kansu da zarar an ɗauki kaya. Wani bakanike ya ce famfo ne, ya karɓi kuɗin sabo, ya wanke tsoho da fetur ya mayar mini. Na kai ƙara wurin shugaban kanikawan garejin, aka ce in yi haƙuri. Damina ta zo ba ni da tarakta, sai haya na yi na nome gonata, ni da nake ba mutane haya.

Injiniya Musa: Allah ya kiyaye gaba, Baba. Amma abin da ya same ka rashin nauyi ne a gaba. Da an rataya ƙarafan nauyi a hancinta, kuma direban ya hau tudun da baya, dunƙulen yana ɓangaren sama, da ba ta ɗaga ba.

Baba Ɗanjuma: Injiniya, kai a takarda ka karanta, ni a kwazazzabo na karanta. Tun ba a haife ka ba nake kan tarakta.

Sani Maiwalda: Idan tsinken ne, ni ina ƙera shi a kan naira 60,000 har da firam ɗin da zai kama hannaye uku.

Alhaji Ado: Wannan farashi na rodin gini ne, wanda zai lanƙwashe a ɗaukar farko. Ƙanena ya yi nasa a Panteka ta Kaduna da shaf ɗin tsohuwar mota, kuma abin da ya biya ya haura 150,000.

Sani Maiwalda: Ranka ya daɗe, ni ma da shaf nake yi. Ƙanen naka dai an ga babbar riga ne aka yi masa kuɗi.

Lawal Funtuwa: Jama'a, an daina ƙera 135 tun cikin shekarun 1970. Baiwar Allah nan ta wuce shekarun fansho, ku kuma kuna so ku mayar da ita 'yar dako.

Hajiya Rabi: Ni ina kiwon shanun madara, kuma da 135 muke ɗaukar ciyawa. Abin da muka yi shi ne muka tara ƙasa a gefen rumfa muka yi gangare mai faɗi, muka daddaɓe shi sosai. Direba yana hawa da baya sannu a hankali, sai dunƙulen ya zo daidai saman layin ƙasa, ya sauke shi a tsakanin biyu don kada ya gangaro. Ba ma yin hawa na uku, kuma ba wanda yake tsayawa kusa da kaya idan suna sama. Malam Habu, ka cusa hannu cikin dunƙulen kafin ka jera, idan ka ji ɗumi ka bar shi a fili ya sha iska, domin ciyawa mai danshi tana yin zafi har ta kama wuta da kanta. Ka kuma shimfiɗa itace ko tsofaffin tayoyi a ƙasa saboda gara.

Habu Giwa: Na gode, Hajiya. Sai dai rumfata tana jikin katanga, filin gabanta kaɗan ne, ban ga inda gangare zai shiga ba. Akwai wanda ya taɓa ƙara wa tsinken tsayi don ya kai hawa na biyu?

Baba Ɗanjuma: Kafin ka ƙara tsayi, ka ɗaga kaya ka kashe inji ka gani ko hannayen za su tsaya. Yawancinsu ba sa tsayawa, kuma laifin man da ake sayar mana ne. A Massey man giya shi ne famfon yake sha, ga shi kasuwa ta cika da baƙin mai da aka tace aka zuba a sabuwar jarka.

Alhaji Ado: Wannan gaskiya ne, Baba. Robobin silindar da ke ɗaga hannayen ma haka suke, kwali na asali, abin ciki na jabu, wata guda sun saki.

Lawal Funtuwa: Ni na canza su bara, yanzu ma garma sauka take yi a kan hanya. Injiniya, yaya mutum zai gane na asali tun a shago, tunda mai kaya ba ya karɓar abin da aka riga aka buɗe?