HTB ya shaƙe duk da cibiyoyi 8: ta yaya zan raba fakitoci?

Tambaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da sabar Linux mai firosesa mai cibiya (core) 8 da katin netwok biyu na 10G. Da HTB, tsarin Linux na raba gudu aji-aji, nake iyakance gudun intanet na kwastomomi, kowa da ajinsa, fq_codel mai rage jinkirin layi a ƙarƙashi. Da zirga-zirga ta yi yawa sai gudu ya tsaya cik, jinkiri ya hau, ksoftirqd, aikin kanel (zuciyar Linux) da ke sarrafa fakitoci in sun yi yawa, ya cinye firosesa. Na kunna RPS, mai raba fakitocin da aka karɓa ga cibiyoyi, a rps_cpus, aikin ya bazu kan cibiyoyin amma gudun bai ƙaru ba. Me ya rage in gyara?

Amsa ta 1

Wa alaikumus salam. Malam, fara da `perf top` lokacin cunkoso. In ka ga native_queued_spin_lock_slowpath a sama, matsalarka makulli ce. HTB da aka ɗora a tushen kati makulli ɗaya gare shi, duk fakitin da zai shiga layinsa ko ya fita daga ciki sai ya riƙe shi, cibiya ɗaya a lokaci guda. RPS ya raba aikin karɓa ne kawai, sai cibiyoyi takwas suka taru suna kokawa a ƙofa ɗaya.

Ka sa mq, mai ba kowane layin fita na kati tsarinsa daban, a tushe, kowane layin fita da nasa HTB:

`tc qdisc replace dev eth1 root handle 7fff: mq`
`tc qdisc add dev eth1 parent 7fff:1 handle 1: htb default 2`

Haka har 7fff:8. Yanzu makulli takwas ke nan. Amma nan wahalar take: dole duk fakitocin kwastoma ɗaya su bi layi ɗaya. RSS (irin rabon da katin kansa ke yi) da RPS suna rabo ne bisa adireshi da lambar kofa na kowace sadarwa, don haka saukarwa goma na mutum ɗaya za su warwatse layuka daban-daban, kowane HTB ya ba shi cikakken kasonsa. Mai 20M sai ya ja ninki.

Maganin shi ne XDP, mai kama fakiti tun shigowarsa daga kati, da cpumap, mai tura shi cibiyar da aka zaɓa; cpumap ya shigo kanel a 4.15. Shirin XDP ya duba adireshin kwastoma a taswirar BPF (teburin da ƙananan shirye-shiryen da ake gudanarwa cikin kanel ke amfani da shi), ya tura fakitin cibiyar da aka ware masa. Wani shirin a clsact, wurin rataye shiri a hanyar fita, ya rubuta queue_mapping, wato lambar layin fita, daidai da wannan cibiya, ya rubuta lambar aji a priority, HTB ya tsallake binciken matattara gaba ɗaya. Rubuta queue_mapping daga BPF sai kanel 5.1 zuwa sama. Wani shiri mai suna xdp-cpumap-tc ya riga ya haɗa wannan, kuma a kan wannan dabarar aka gina LibreQoS, manhajar iyakance gudun kwastomomi. Ba na ganin dalilin ka rubuta naka daga farko.

Amsa ta 2

Ƙari kan bayanin da ya gabata, ga inda mutane ke faɗuwa. Kashe XPS, mai zaɓen layin fita bisa cibiya: rubuta 0 a xps_cpus na kowane tx-N a /sys/class/net/eth1/queues. In ka bar shi, shi kanel ke fara tambaya wajen zaɓen layi, ya yi watsi da abin da ka rubuta. Sannan lissafin daga 1 yake farawa: queue_mapping 1 shi ne tx-0, shi ne 7fff:1. Kuskuren ɗaya a nan yakan jefa fakiti HTB ɗin da babu ajinsa, ya faɗa ajin default ba tare da wani kashedi ba.

In kana da VLAN (raba netwok ɗaya kashi-kashi da alama a fakiti), yi `ethtool -K eth0 rxvlan off`, don alamar da kati ya cire ba ta bin fakiti ta cpumap. Tsayar da irqbalance mai rarraba IRQ da kansa, ka ɗaure kowane IRQ (kiran da kati ke yi wa firosesa) da hannu a smp_affinity_list, ka mayar da rps_cpus sifili.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai. Sabar ita ke yin NAT ma, wato sauya adireshin kwastomomi na ciki zuwa na waje. Zai yi aiki a haka?

Amsa ta 2

A'a, ɗan'uwa. XDP yana ganin fakiti kafin conntrack, wanda NAT ke dogaro da shi wajen mayar da adireshin ciki, don haka abin da ya shigo daga intanet adireshin waje yake ɗauke da shi, ba ka san na wane kwastoma ne ba. Ka mayar da sabar da ke iyakance gudun ta zama gada tsakanin wata na'urar NAT daban da kwastomomi.

Amsa ta 3

Ka san abin da za ka rasa tukuna. Bishiyoyin HTB takwas ba sa aron gudu a tsakaninsu. Kwastomomin da ke raba hasumiya ɗaya ko layin sama ɗaya dole su zauna cibiya guda, in ba haka ba iyakar uwar aji ba ta da ma'ana. Kuma babban kwastoma ba zai wuce ƙarfin cibiyarsa ba, saboda haka ka raba su bisa nauyin zirga-zirga, kar ka bi yawan kawuna. Ka riƙa duba `mpstat -P ALL 1`, ginshiƙin %soft.

In iyaka ce tsura kake so ga kowa, babu aro, duba mq da fq (tsarin layi mai riƙe fakiti sai lokacinsa ya yi), shirin BPF yana rubuta lokacin tashin kowane fakiti a tstamp. A nan fakitocin mutum ɗaya suna iya bin kowane layi, muddin lissafinsa yana taswira ɗaya.