Tafiya da yara bakin kogin Salum: wane lokaci ne ruwa ya fi kwanciya?

Uwar 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A watan Disamba, in Allah ya kai mu, ni da maigida za mu kai yara gandun Salum da ke Senegal, inda kogi ke zubewa cikin Tekun Atilantika. A Tubakuta za mu sauka. Abin da ke hana ni barci shi ne kwalekwale: 'yan biyun nan shekararsu 8, ko ɗayansu bai iya iyo ba, ni ma haka. Wanda ya taɓa zuwa ya taimaka mini, da safe ya fi ko da yamma? Kuma ana iya barin yara su taka ruwan?

Malamin Labarin Ƙasa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin agogo, ki fara tambayar matuƙin jirgin yaushe ruwa zai cika. A irin wannan wuri teku kan turo ruwa sau biyu a kwana guda, ya kuma janye sau biyu, kullum kuma lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Idan ya janye, ƙananan rafukan da mutanen wurin ke kira bolon sai su koma laka zalla. Ni ya taɓa ritsawa da ni, muka zauna kan taɓo fiye da awa biyu rana na dukanmu, don mun yi gardama da matuƙi muka fita a makare. Laifinmu ne, ya gaya mana.

Ki riƙe ruwan sha mai yawa. Salum ba kamar sauran koguna ba ne: ruwan daɗi da ke gangarowa kaɗan ne, rana kuma na ƙafar da shi, shi ya sa duk yadda kika nausa ciki gishirin ƙaruwa yake, har ya fi na teku.

Mai Kallon Tsuntsaye:
Disamba kin dace, damina ta wuce, tsuntsayen da ke gudo sanyin Turai sun iso. Ni dai yamma nake so. Dab da magariba zalɓe da balbela da kwasakwasa kan dawo kwana kan itatuwan mangurob, waɗannan masu saiwa a waje kamar ƙafafu, har reshe ya yi fari fat. Ku nemi a kai ku tsibirin Jorom Bumag, tudu ne na ɓawon kawa (wata halittar ruwa mai ɓawo) da danginta, wanda mutanen zamanin da suka tara tsawon ɗaruruwan shekaru, ga manyan kukoki sun tsiro a kai. Irin waɗannan tuddai na cikin dalilan da UNESCO ta sa yankin a jerin kayan tarihin duniya a 2011. Gandun kansa tun 1976 aka kafa shi.

Kakar Yara:
'Yata, rigar hana nutsewa daidai jikin yaro, ki gani da idonki kafin a tayar da inji. In babu, ki fasa. Kada kuma su taka laka ba takalmi, kawar da ke manne a saiwoyin nan tana yanka kamar reza. Jikata har yau da tabon a dunduniya.

Uwar 'Yan Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mama, rigunan nan zan saya tun daga gida in sa a jaka. Malam, zan kira matuƙin ya faɗa mini ranar da cikar ruwa za ta faɗo da la'asar.