Neman shawara: in juye man giyar Corolla ko in ƙyale shi?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Corolla ce gare ni 2006 otomatik, 'yar Kwatano, tun da na saye ta baƙin mai kawai ake juye mata. Kwanan nan in na sa D da safe sai ta yi jinkiri sannan ta fizga, na zaro sandar awon man giya na goga a farin tsumma na ga jan ya tafi ya koma ruwan ƙasa. Bakanikena ya ce kar in taɓa wai da an juye giya ta mutu, wani kuma ya ce a wanke ta da na'ura. Wallahi na rasa na kamawa, ga shi da ita nake kai yara makaranta.

Wa alaikumus salam Alhaji. Fara shinshina man tukuna. In ba ya ƙauri kuma babu ɓurɓushin ƙarfe a jikin tsumman to juye abinka, amma ban da na'urar nan, tsohuwar giya ba ta son a tayar mata da datti. A kwance noti na ƙasa kawai, wajen lita 3 zai fito, sauran yana cikin kwanbata (abin da ke haɗa inji da giya) ba ya fitowa, a auna abin da ya zubo a mayar da daidai shi, ka yi 'yan makonni kana hawa sannan a sake.

Yallaɓai ka kula da irin man, a nan ake kashe giya. Taka Toyota T-IV take sha, duba jikin sandar ko littafin motar za ka gani. Kar ka yarda a zuba maka kowane jan mai don wai duk ATF ne, wato man giyar otomatik, na CVT (wata irin giyar otomatik) ma daban yake. Kuma jabu ya yi yawa a kasuwa, ka saya da hannunka a buɗe a gabanka.

Ni dai ina bayan bakanikenka in man ya yi baƙi ƙirin yana ƙauri, don wannan kulocin ciki ya riga ya cinye, sabon mai ba zai gyara ba, tana ma iya fara sulɓewa. Naka ruwan ƙasa ne da sauransa. A sauke farantin ƙasa a goge maganaɗisu a duba rariya, a sa sabon gasket.

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na shinshina babu ƙauri. Awon fa, da inji a kashe ake yi?

A'a Alhaji, sai ka yi tafiya ta ɗau zafi, ka tsaya a wuri mai lebur, inji na aiki giya a P, man ya tsaya tsakanin alamomin HOT.