Katin Magic da aka yi wa zanen hannu: zai shiga gasa ko alƙali zai mayar da shi?

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai gasar wasan kati na Magic: The Gathering da za a yi a wani shago a Accra nan da mako uku, kuma masu shiryawa sun ce da dokokin gasa na Wizards of the Coast, kamfanin da ke buga katunan, za su yi hukunci, har da rubuta jerin katuna a miƙa kafin a fara. Dek ɗina, wato tarin katunan da zan buga da su, kati 60 ne, da 15 na gefe da ake musanyawa da su tsakanin wasanni. A ciki akwai katin Lightning Bolt guda huɗu da wani mai zane a nan Kumasi ya ja hotonsu da fenti har ya cinye baƙin gefen, sai Island shida, wato katunan ƙasa masu ba da mana (abin da ake biya a buga kati), da aka shafe hotonsu aka zana Tafkin Bosomtwe. A ɗaya daga cikin Bolt ɗin fenti ya hau kan rubutun ƙasa ya rufe kusan rabi. Waɗannan za su wuce? In ba za su wuce ba, akwai gyaran da za a yi musu kafin ranar? Kuma ƙanena yana so a yi wa katunansa na Pokémon irin wannan aikin, shin dokar ɗaya ce?

Baban Asawase:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Amsarka tana sashe na 3.3 na dokokin gasar Magic. Sharaɗi na farko, katin da ke ƙarƙashin fentin ya zama na asali, bugun Wizards, kuma sunan da aka buga masa tun farko shi ne sunansa. Ba a ɗaukar kati mai arha a shafe shi a zana mai tsada a kai, komai kyawun aikin. Bayan wannan, an yarda da ado matuƙar bai mayar da hoton abin da ba a iya ganewa ba, ba ya ɗauke da shawara mai yawa kan yadda za a buga wasa, ba shi da hoton batsa ko na cin mutunci, kuma bai rufe ko ya canza sunan kati da farashin mana ba. Sai jimlar da ta fi duka nauyi: babban alƙalin gasar shi ke da magana ta ƙarshe. Yardar alƙalin wata gasa ba ta bin kati zuwa gasa ta gaba.

Bolt ɗinka uku da aka ja hotonsu zuwa gefe, wannan shi ne irin adon da alƙalai suka fi amincewa da shi, domin hoton asali yana nan, wanda ke zaune gabanka zai gane katin daga nesa. Na huɗun da fenti ya hau rubutu, dokar ba ta ambaci akwatin rubutu ba, saboda rubutun Oracle, wato rubutun katuna na hukuma da kamfanin ke ajiyewa, ake bi, ba abin da ke kan takarda ba, kuma kamfanin da kansa ya buga katuna marasa rubutu. Amma rufe rabi ya fi rufe duka haɗari, don abin da ya rage yana iya karantuwa da wata ma'ana. Alƙali na da ikon ya ƙi shi a kan haka.

Island ɗin ne ke kan gaɓa. An shafe hoton asali gaba ɗaya, to a zahirin doka ana iya cewa ba a gane shi. Abin da ke taimakonka shi ne Island na da hotuna masu ɗimbin yawa, kuma tafki shuɗi ba zai sa kowa ya zaci Mountain ne, katin ƙasa mai hoton dutse, ba. In sunan da alamar ɗigon ruwa suna fili, alƙalai da yawa za su bari, wasu kuma ba za su bari ba, kuma duka biyun suna kan doka.

Sai dai ba a fuskar kati ake yawan faɗuwa ba, a kaurinsa ne. Katin Magic milimita 63 ne da 88, kaurinsa wajen 0.3. Fenti ya ɗan taru kaɗan, katin ya fi sauran kauri ko ya lanƙwashe, sai ya zama kati mai shaida: ana iya gane shi a kife, ko yankan dek, wato raba shi biyu bayan gauraya, ya riƙa faɗawa a kansa. A gasa mai tsanani hukuncinsa gargaɗi ne, a sa ka canza. In kuwa shaidar ta bi tsari, hukuncin na iya hawa zuwa faɗuwar wasa ɗaya. Dubi naka: Bolt huɗu duka da Island shida, sauran 50 ba fenti. Wannan tsari ne sak, domin mai taɓa dek ɗin zai iya sanin ƙasa ce ke zuwa ko Bolt. In alƙali ya gamsu da gangan aka yi don a ci riba, magana ta koma maguɗi, kora ce daga gasar.

Kada ka sa rai alƙali zai rubuta maka katin madadi. Sashe na 3.4 ya keɓe wannan ga katin da ya lalace a cikin gasar ba da ganganci ba, da katin da ba a buga shi ba sai mai ƙyalli. Wanda mai shi ya taɓa da hannunsa ba ya ciki. In an ƙi katinka bayan an fara kuma ba ka samo wani ba, ƙasa ta gama-gari irin su Island za a ce ka cike gurbin da ita, ka ga dek ya rasa Bolt huɗu ke nan.

Mai Burushi:

Malam Baba ya gama da doka, bari in yi ta fenti. Ɗan Aboabo, shafa yatsa a hankali daga wurin da ba fenti zuwa inda yake. In ka ji tudu, alƙali ma zai ji. Sannan karkata katin a ƙarƙashin fitila: aikin da ya yi daidai ba ya nuna sawun burushi.

Fentin akirilik ake amfani da shi, mai ruwa-ruwa, a tsinka shi da ruwa har ya yi kamar madara. Fentin mai ba ya bushewa da wuri, na gini kuwa ba a ma kawo shi kusa. Kafin a fara, a goge wurin da magogi mai laushi don sheƙin katin ya ragu fenti ya kama. Shafin farko toka-toka ne, siriri, shi ke kashe baƙin gefen, in ba haka ba sai an yi ta jibga launi kafin baƙin ya ɓace, kuma daga nan kauri ke farawa. A kan tokar a yi shafi uku ko huɗu, kowane ya bushe kafin na gaba, da burushi lamba 0 ko 00. Burushin ya zama da danshi kawai, ba ya ɗiga. Ruwa ya shiga ta bakin kati, takardar ta kumbura ta buɗe, wannan ba ya gyaruwa.

Bolt ɗin da fenti ya hau rubutunsa yana da magani in ba a shafa masa banish ba, wato man da ake rufe fenti da shi. Jiƙa kan tsinken sakace, ka riƙa kankare fentin a hankali daga tsakiyar akwatin zuwa bakinsa. Akirilik na tashi daga fuskar kati ba tare da ya ɗebe bugun ba, in dai ba a danna ba. Kada ka kai masa asiton ko maganin goge fentin farce, zai tafi da rubutun gaba ɗaya.

Banish kuwa, ra'ayina a bar shi ga katin da za a buga. Yana ƙara kauri, kuma a zafinmu yana yin danƙo ya manne da rigar kati, wato ledar da ake sa shi a ciki. Akirilik kansa yana bushewa a taɓa cikin mintuna, amma bai gama ƙarfi ba. Da damina a Kumasi a ba shi kwana uku a fili, inda ba ƙura, kafin a sa shi a riga, daga nan a danne shi cikin littafi mai nauyi da takarda mai santsi a fuskarsa. Da hunturu matsalar ta juya: fenti na bushewa a bakin burushi, ya bar gudaji. Sai a sa soso mai ruwa a faranti, a shimfiɗa takardar gashin burodi a kai, a dama fentin a nan.

Abu biyu da ba su shiga gasa ko kaɗan: katin da aka ɓare masa fuskar ƙyalli aka manna a kan wani, da wanda aka yanka aka jera hawa-hawa don hoton ya taso. Waɗannan na ado ne a bango.

'Yar Nima:

Yaya, game da ƙaninka, a dakata. Dokar gasar Pokémon ta fi ta Magic tsauri: katin da aka taɓa bayan ya fito daga kamfani, zane ne ko sa hannu ko hatimi, ba ya shiga gasa. A zana masa wanda zai ajiye, wanda zai buga a bar shi yadda yake.

Ga gwajin da za ka yi a gida tun yau. Sa duk katuna 75 a riga iri ɗaya, sababbi, masu baya da ba a gani ta ciki. Riga biyu ta fi: ta ciki mai milimita 64 da 89, ta waje 66 da 91, don suna ɓoye ɗan bambancin da ya rage. Ka gauraya sosai, ka ajiye dek a tebur, ka duƙa ka dube shi ta gefe. Inda ka ga ɗan rata ko kati ya ɗago, zaro shi ka gani. Sannan ka ba wani ya yanka sau 30 ido rufe, kana rubuta katin da ya bayyana. Masu fenti 10 ne cikin 60, wato a bisa lissafi wajen sau biyar za su fito. In sun kai sha biyu ko fiye, kaurin ya yi yawa, kada ka je da su.

Na ɗan saɓa wa Malam Baba a kan Island. Ni a ganina kada ma a gwada. Island ita ce kati mafi sauƙin samu, ba dalilin da zai sa ka ɗauki haɗarin tsari a kanta. Sa shida marasa fenti, ka bar na Bosomtwe don wasan nishaɗi na Commander da abokai, inda yardar waɗanda ke tebur ita ce doka. Da haka abin da za ka kai wa alƙali ya ragu zuwa kati huɗu.

Wani abu kuma da ya shafe mu: kada a zana masallaci ko a rubuta aya a kan kati. Abu ne da ake gaurayawa, ya faɗi ƙasa, ya shiga hannun kowa. Haka rubutu irin “a shigar da ni in an haɗu da jan dek” a kan katin gefe, wannan yana iya zama shawarar wasa da dokar ta hana.

Ɗan Aboabo:

Na gode, Allah ya saka. Island zan canza su. Bolt ɗin fa, yaushe ya kamata alƙali ya gani, kuma rigar ciki da ake buga wa hoto, wadda ake ɗorawa a kan kati ba tare da fenti ba, ta fi aminci?

Baban Asawase:

Tun yanzu ka aika wa masu shiryawa hoton gaba da bayan kowane kati, ka roƙi su nuna wa babban alƙali. Amsar waya ba hukunci ba ce, sai ya riƙe katin a hannu, amma in ya ƙi tun daga hoto ka huta da wahala. Ranar gasar ka isa da kamar minti 30 kafin a rufe rajista, ka kai masa dek ɗin duka a cikin rigunansa, ba katuna huɗun kaɗai ba, don a cikin tari ake auna su. Babban alƙali za ka tambaya, ba mai karɓar kuɗin shiga ba. Ka riƙe Bolt huɗu marasa fenti a aljihun jaka, ba cikin akwatin dek ba, domin ƙarin katin da aka samu tare da na gefe ana iya lissafa shi cikinsu, ka haura 15. In sayen su ya yi nauyi, ka aro.

Rigar mai hoto tana da fa'ida guda babba: in an ƙi ta, zare ta za ka yi cikin minti ɗaya katinka ya dawo yadda yake. Amma sharuɗɗan nan dai su ne, kada ta rufe suna ko farashin mana, kuma sauran katunan duka su sami rigar ciki, in ba haka ba huɗun nan za su fi sauran kauri. Tawadar da ke kanta ma tana da ɗan tudu, don haka gwajin yanka da 'Yar Nima ta faɗa a yi mata shi ita ma, bayan an matse iskar da ke cikin rigunan ta hanyar danne dek ɗin a akwati kwana ɗaya.